Rumbun da Ɗan Azumi Ya Kafa a Gidan Nomau

Duk wanda ya zauna Madarumfa a shekarun casa'in ya san Ɗan Azumi mai rumbu, ko da bai taɓa magana da shi ba. Gajeren mutum ne mai faffaɗan tafin hannu, da kaka ana ganinsa tafe da naɗin zana a ka da igiyar rama a kafaɗa. Gidansa na unguwar Bakin Ruwa, inda gidaje ke gangarawa wajen tafki, tsakanin masunta da masu noman fadama. Kafa rumbu ya gada wurin ubansa, kuma bai taɓa neman wata sana'a da son ransa ba.

Yana da yadda yake aikinsa. Shi yake zaɓen duwatsun gindi da kansa, ya barbaɗa toka saboda gara, ya jera itace, sannan ya kewaya da zanar gamba. In an ɗora jinka sai ya shiga ciki ya zauna shiru, yana duban ta inda haske ke shigowa. Yakan ce inda haske ya samu hanya, ruwa ma zai samu. Masu gida su yi ta jiransa a waje da fura, wani lokaci har su ɗauka barci ya kwashe shi.

Yunwar tamanin da huɗu ita ta canza shi. Rumbunan da ya kafa suna tsaye garau, ba wanda ya yi yoyo, amma ba komai a cikinsu sai ƙaiƙayi. Maƙwabci ba ya iya taimakon maƙwabci, don abin ya kwantar da kowa lokaci guda. Maza suka watse. Ƙanensa Adamu ya tsallaka Jibiya da ƴar jakarsa, ya ce da girbi zai dawo. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Uwarsu ta rasu tana tambayar duk wanda ya fito Najeriya ko ya gan shi.

Shi kansa Ɗan Azumi Maradi ya tafi a wannan shekara, ya shiga dako a mangazar wani attajiri, wato ɗakin ajiyar kayansa. Yana can gobara ta cinye mangazar. Bayan ƴan kwanaki sai ga wani mutum da ƴar mota, aka ce daga kamfanin asiransi yake, masu biyan mutum in hasara ta same shi. Sunansa Mansur, ana ce masa Mushe, wato malam da Faransanci. Aka ce Ɗan Azumi ya bi shi yana ɗaga masa ƙonannun buhuna yana dubawa. Da rana ta yi zafi suka fake gindin bango, Ɗan Azumi ya daure ya buɗe baki.

"Mushe, in tambaye ka. An ce ku za ku biya Alhaji wanga kaya duka."

"Mu ne."

"To da kasuwar ce ta ƙone ƙurmus, kowa ya zo muku da hannu buɗe fa?"

Mansur ya yi dariya, ya kaɗe toka daga wandonsa. "Da mun durƙushe, in mu kaɗai ne. Shi ya sa ba mu ɗaukar nauyin gari mu kaɗai. Cikin abin da mutane ke zubawa akwai wanda muke ajiyewa, ba a taɓa shi don ƙaramar hasara. Wani kuma mu miƙa wa manyan kamfanoni na nesa, can bayan teku, da sharaɗin ranar da babba ta faɗo mana su tallafe mu. Wuta ba ta cin Maradi da can a rana ɗaya."

"Su kuma in ta ci su?"

"Su ma suna da nasu na nesa."

Ɗan Azumi ya tashi ya ɗaga buhu na gaba. Amma maganar ta bi shi har gida, ta zauna masa shekaru. Yana cikin rumbu yana duban haske sai ta dawo masa.

Sai da aka shiga casa'in, aka samu kaka mai albarka, sannan ya fito da ita a ƙofar masallacin unguwa bayan la'asar. Rumbun tsimi ba baƙon abu ba ne, kakanni sun yi, mai gida ya ware rumbun da ba a buɗewa sai an shiga wuya. Abin da ya zo da shi sabo shi ne wurin da za a kafa shi. Ya ce kowane gida ya ba da dami gwargwadon ƙarfinsa, ba zakka ba ce, ba sadaka ba ce, ajiya ce. A kai ta tudu, wajen Gabi, gidan Nomau. Su kuma mutanen Nomau su kawo nasu nan bakin ruwa. In fari ya ƙone tudu, fadama takan yi. In ruwa ya ci fadama, tudu yakan yi. Kowace kaka a fitar da tsohon gero a raba, a zuba sabo.

Nomau kuwa kowa ya san shi. Shi ne babban wani ƙaramin ƙauye na masu bin al'adar kakanni, ba su salla, suna da tsafinsu da giyarsu. Wurinsu Ɗan Azumi ke sayen gamba tun zamanin ubansa. Nomau yana kiransa mai buta, shi kuma yana kiran Nomau mai tulu, haka suke tun suna samari.

Garba masunci ne ya fara magana. Taubashin Ɗan Azumi ne, don haka ba ya raga masa ko a gaban liman.

"Taubashi, zaman cikin rumbu ya taɓa maka kai. Mu ɗauki geronmu mu kai wa masu giya? Kafin watan salla ya koma cikin tulu. Sai dai mu tahi mu sha warinshi."

Aka yi dariya. Ɗan Azumi ya jira ta lafa.

"Nasu ma zai zo hannunmu," ya ce. "Kuma ku masunta ba a san ku da barin abinci ya kwana ba. Amma Nomau bai yi ƙorafin a kawo muku nasu ba."

"To me ya hana a kafa shi nan, inda idonmu ke ganinshi?"

"Abin da zai ci rumbunka, Garba, shi zai ci wanda ke kusa da rumbunka."

Ba kowa ya yarda ba. Wasu sun ba da dami don kunyar liman, wanda ya ce bai ga haramci a ajiya ba. Garba ya ba da nasa yana cewa a gaida mai tulu, ya sha lafiya. A gida ma Hajara, matar Ɗan Azumi, ba ta ji daɗi ba da ta ga ana ɗora mafi kyawun dammansu a amalanke.

"Malam, ko marasa kyan nan ka kai mana."

"Ranar da za mu neme shi, iri za mu nema a ciki," ya ce mata. Ta juya ta koma bakin turmi.

Ya tafi ya kafa rumbun da hannunsa a bayan gidan Nomau, ya ɗaure bakinsa da irin ƙullin da shi kaɗai ke yi. Ya dawo ya kafa na mutanen Nomau a bayan nasa gidan, kusa da nasa rumbun.

Shekara ta biyu aka gwada shi. Wuta ta cinye ɗakin Ɗelu, wata gwauruwa mai ƴaƴa, har da ɗan rumbunta. Mutane suka ce ga ranar ajiya ta zo, a ɗaura jaki a tafi gidan Nomau. Ɗan Azumi ya ce a'a. Ya ce gida ɗaya ne ya faɗi, saura suna tsaye, wannan aikin maƙwabta ne. Wancan na ranar da babu maƙwabcin da ke tsaye ne. An ji haushinsa ƙwarai, har aka ce bai da tausayi. Ya je ya ciro dami daga nasa rumbun ya kai ƙofar Ɗelu ya ajiye, ya koma ya kawo zana. Da aka ga haka kowa ya shiga gidansa ya fito da abin da ya samu. Kafin mako rumbun Ɗelu ya tashi, kuma ya fi na da cika.

Sai daminar da ta biyo bayan karyewar darajar kuɗin sefa. Kaya sun yi tsada, kakar da ta wuce ba ta yi kirki ba, rumbuna sun kusa ƙasa, kowa ya zuba ido ga abin da ke gona. Ruwa kuwa ya zo kamar ba za a daina ba. Gulbi ya cika ya tumbatsa, tafki ya haura ya shanye kukokin bakinsa har ƙugu. Wata safiya da hantsi, mata na wanke-wanke, sai aka ga ruwa yana shigowa ta lungun masunta, a hankali, ɗauke da kara da kashin awaki. Kafin a gama fitar da yara da tsofaffi ya kai gwiwa. Katangun laka suka fara zama ɗaya bayan ɗaya.

Bashir, babban ɗan Ɗan Azumi, magidanci mai mata da ɗa, ya samo jirgin Garba ya turo shi har bayan gida. Rumbuna biyu na tsaye cikin ruwa, nasu da na ajiya, duwatsun gindi duk sun nutse. Ƙasa ta yi laushi, dukansu sun fara karkata. Ba za a iya kwashe biyu ba.

"Baba, namu," in ji Bashir.

"Na Nomau."

"Baba, abincinmu ne fa."

"Namu na can tudu a bushe. Wanga shi ke cikin ruwa. Hau ka miƙo."

Bashir ya hau ya fara miƙowa. Suka yi ta jigila zuwa lakwal, makarantar boko da ke kan tudu, inda mutanen unguwa suka taru. Suna sawu na ƙarshe nasu rumbun ya kwanta a ruwa. Hajara na tsaye a bakin tudu tana kallo. Sannan ta juya ta shiga aji inda aka shimfiɗa tabarmi.

Nan fa wuya ta fara. Gonakin fadama sun nutse, geron da ya fara fitar da kai ya ruɓe a tsaye. Hukuma ta kawo abin da ta kawo, amma baki sun yi yawa. Hanyar Gabi ta yanke, ko jaki ba ya iya ratsa taɓon. Ga kuma damman Nomau a jere cikin aji ɗaya, a bushe, ƙamshinsu na fita ta taga. Ɗan Azumi ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofar ajin.

Garba ya zo ya tsuguna gabansa. Wannan karon ba wasa a muryarsa.

"Taubashi, yara na kuka. Ga gero."

"Ba namu ba ne."

"Namu ya zama giya tun bara, kai ma ka sani. Su ma bara ba su samu ba. Wa zai zauna da yunwa yana kallon rumbu cike?"

"Ga ni ina yi."

"Kai ai ba a lissafa ka cikin masu hankali."

Ɗan Azumi ya ce a haɗa abin da aka tsira da shi a yi tukunya ɗaya, a ci kifi da tafasa, a ba yara kunu, har hanya ta buɗe. Ya sayar da tunkiyarsa ɗaya tilo ya auno tiyoyin dawa aka zuba. Amma yana gani da idonsa maza sun fara ɗaure jakunkuna. Aka fara jin sunan Jibiya da Katsina a bakin samari. Wata la'asar ya ga jakar Bashir rataye a ƙusa, a cike, da takalmansa a sama. Irin wannan jakar ce Adamu ya rataya.

"Ka ba ni har in je in dawo," ya ce wa ɗansa.

"In ka tarar babu fa, Baba?"

Gaskiya shi ma tambayar na cinsa. Rabonsa da gidan Nomau tun kaka, kuma ya ji labarin tsutsa ta ɓata musu gero bara. Ya san Nomau, amma ya san yunwa ma.

"In babu, ni zan raka ka tasha," ya ce.

Da ƙasa ta ɗan tsane suka ɗaura jaki. Garba ya ce sai ya bi, don kada a dawo a ce musu ɓera ne ya ci. Suka kama hanya, inda taɓo ya yi yawa su sauka su tura. Da suka haura tudu sai duniya ta canza. Gero ya yi baƙi ƙirin don kyau, ya fi mutum tsawo, amma da sauransa kafin ya nuna. Garba ya yi ta surutu a hanya, yana kusantar ƙauyen yana raguwa, har ya yi tsit.

Tani, matar Nomau, suka fara tararwa a ƙofar gida tana yankan ganyen tafasa a ƙwarya. Ta rame, zanenta ya yi mata yawa. Garba ya dubi ƙwaryar ya dubi Ɗan Azumi. Ta yi musu sannu da zuwa, ta yi musu jajen ruwa, ta ce labari ya iso. Ta kawo ruwan sha tana ba da haƙuri babu fura.

Nomau ya fito yana dogara sanda. Shi ma wuyansa ya yi tsawo.

"Mai buta, ashe ruwan alwala ya yi muku yawa bana."

"Ya yi, mai tulu. Mun zo mu ga ko ka rage mana ko tsaki."

"Wane ne wanga da kai? Ba Garba ba ne, wanda ya aiko a gaishe ni in sha lafiya?"

Garba ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Nomau ya yi gaba suka bi shi bayan gida. Rumbun na nan tsaye. An sake masa jinka sabuwa, an kewaye gindinsa da ƙaya saboda awaki, an barbaɗa toka. Ɗan Azumi ya taka itace ya hau, ya kai hannu bakin rumbun. Ƙullinsa ne, yadda ya bar shi da kaka, igiyar har ta yi baƙi da ruwan sama. Ya tsaya a can sama riƙe da igiyar, bai kwance ba, bai sauko ba.

"Sauko kar ka faɗo mini a gida a ce na yi maka tsafi," in ji Nomau. Ya juya ga Garba. "Kai kuma masunci, wa ya gaya maka da gero nike giya? Dawa nike so. Da dawa kuka kawo, da sai mu yi magana."

Garba ya yi dariya, sannan ya goge ido da bakin rigarsa ya ce hayaƙin gidan ne.

Suka zauna gindin rumbun. Tani ta ce tun kafin ruwa ya sauka suke ci sau ɗaya. Kajinta ne kawai suka ci arzikin ajiyar, suna tsintar abin da ya zubo ta ƙasa, su ma sai da Nomau ya yi musu faɗa.

"Me ya hana ku aiko a kawo muku naku?" Ɗan Azumi ya tambaya.

"Kai ka ce sai ranar da babu mai tsayuwa. Mu muna tsaye, rangaji kawai muke. Da muka ce to yanzu kam a aika, hanya ta yanke." Nomau ya gyara zama. "Namu ruwa ya tahi da shi ko? Ba komi. Ruwa ba ɓarawo ba ne."

"Yana lakwal a bushe. Ko zangarniya ba ta jiƙe ba."

"Naka fa?"

"Nashi ya kwanta," in ji Garba. "Jirgi ɗaya ne, ya ce a fara da naku. Ya kuma kwana a bakin ƙofa kamar kare, ya hana mu ko sansana."

Nomau ya dubi abokinsa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya girgiza kai.

"Mu biyu ba mai wayo. Kai kana yunwa gindin geron mai tulu, ni ina yunwa gindin geron mai buta. Da ka ci nawa na ci naka, da jakuna sun huta."

"Da na ci ban gan ka ba, baɗi ba wanda zai ba da dami," in ji Ɗan Azumi. "Ko a nan ko a can."

"Haka ne. Amma a gyara. In hanya ta yanke, kowa ya buɗe na hannunshi, in an haɗu a daidaita."

"A gyara. Amma a faɗe shi gaban mutane tukuna."

Ya hau ya kwance ƙullin. Geron ya fito fes, ba ƙwaro ba ruma. Kafin a ɗora wa jaki komai, ya sauke dami biyu ya ajiye gaban Tani, ya ce ta fara sussuka, za a cire cikin nasu in an kawo. Mutanen ƙauyen suka fito da amalankensu, za su raka geron Bakin Ruwa gida su dawo da nasu.

Da yamma jerin amalanke ya shigo filin lakwal. Garba ne a gaba, yana ba da labari tun kafin ya sauka, har ya fara cewa shi dama bai taɓa shakkar Nomau ba. Ɗan Azumi ya sa aka ware damman da suka fi manyan zangarniya, ya ce waɗannan iri ne, ba mai taɓa su, aka raba saura gida gida. Ba wani mai yawa ba ne. Ya dai isa a ci har ruwa ya ja baya a dasa tumatir da dankali a inda ya bari, har geron tudu ya nuna a samu aikin girbi. Wasu samari sun tafi cin rani kamar kowace shekara, suka dawo da bazara. Ba gidan da aka rufe.

Da kakar ta zo, Ɗan Azumi ya ce biyu ba su isa ba, don akwai shekarar da fari ke haɗa tudu da fadama. Ya tafi Safo ya kafa na uku wurin wasu dangin Hajara, kuma ita da kanta ta zaɓi damman da za a kai. Ya so a samu na huɗu can nesa, inda ruwansu ba namu ba ne, amma ƙafa ta gaza masa kafin ya samu wanda ya sani a can.

A daren da geron ya iso kuwa, Hajara ta daka ta yi tuwo, na farko tun ranar ruwa. Bashir ya ci ya wanke hannu, ya tashi ya sauko da jakarsa daga ƙusa. Ya zazzage kayan a tabarma, ya miƙa wa matarsa jakar ya ce ta zuba irin a ciki, ta rataye inda ɓera ba ya kaiwa.